Gonar Marayu da Takardar Ofa

Akwai wata gona a Yolde Kohi da na sani tun ina ƙarami. Mai ita aminin mahaifina ne, Baffa muke ce masa. Masara da dawa yake nomawa, yana da 'yan shanunsa, sannan yana da fuloti guda a Jimeta da ya saya tun jihar tana Gongola, lokacin da wurin yake daji ba mai kallonsa. Da Allah ya karɓi abinsa, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, huɗu daga cikinsu ba su balaga ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, matan suka fita takaba, babu wanda ya ɗaga maganar rabo. Duk wanda ya san mutanen Yola ya san dalili. Kunya ce. Wanda ya fara cewa a raba, shi za a ce dama jira yake tsoho ya mutu.

Shekara biyu dukiya na zaune a hannun babban ɗa. Yaro ne mai hankali, ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa, ya shekara shida yana yawo da takardu a ambulan, yau Sakatariya, gobe ƙofar gidan wani babba. Ran nan ya shigo da albishir. An haɗa shi da wani mai hanya a Abuja, akwai gurbi a wata hukumar tarayya, amma sai an ajiye kuɗi. Ya durƙusa gaban kishiyar mahaifiyarsa ya ce, “Goggo, in na samu aikin nan, ai gidan ne duka ya samu.” Ƙanwarsa ce kaɗai ta yi ƙarfin hali. Ta ce, “Hamma, to kason su Inna da na yaran nan fa?” Ya ce ta yi haƙuri, daga albashin farko zai fara mayarwa. Aka sayar da fulotin Jimeta. Mai hanya ya ce kuɗi ba su cika ba, aka yanki rabin gona aka ƙara. Ofa ta fito, da tambari da sa hannu, aka yi ta zuwa barka. Da ya je tantancewa aka duba aka ce babu sunansa, takardar jabu ce. Mai hanya ya kashe waya. Babu rasit, babu shaida, babu wanda za a kai ƙara.

A ƙofar wannan gida na zauna a ƙarshen 2024, ana ta muhawara a kan harajin gado, kuma shi wannan Hamma yana cikin waɗanda ransu ya fi ɓaci cewa gwamnati za ta sa hannu a dukiyar marayu. Ban ce masa komai ba, don na san da gaske yake, kuma na san abin da ya yi yana cinsa a zuci. Amma tun ranar nake juya maganar. Mun yi tsayin daka a kan harajin da ake tsoron Abuja za ta ɗora wa gado, kuma mun yi daidai. Wanda ake karɓa a kansa kullum a cikin gidajenmu da ofisoshinmu, shi ne ba mu buɗe baki a kai ba.

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji. Kafin watan ya ƙare, gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin kayan masarufi ba. Wannan ce rigimar manya. Ta talaka daban ce. Abin da ya shiga masallatai da majalisun shayi shi ne wani sashe da ya yi magana a kan kuɗin shigar iyali wanda ba a iya tantance kason kowa a ciki ba. Malamai suka ce to ai wannan siffar gadon da ba a raba ba ce. Shugaban kwamitin gyaran harajin, Taiwo Oyedele, ya yi ta nanata cewa babu harajin gado a ƙudurin, kuma sashen tsoho ne, yana cikin dokar harajin ɗaiɗaikun mutane tun da daɗewa. Jama'a ba su saki jiki ba sai da majalisa ta taɓa wurin ta fayyace shi, sannan aka sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

Ina tare da waɗanda suka ɗaga murya. Ga Musulmi, rabon gado ba shawarar iyali ba ce. Suratun Nisa'i ta yanka wa kowa kasonsa, kuma tsarin sananne ne: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage na magada ne. Babu gurbin hukuma a wannan jeri matuƙar akwai magadan da suka cancanci dukiyar duka. Bayan hujjar addini kuma akwai ta zahiri. Gadon mutumin Yolde Kohi ko Ngurore ko Namtari ba kuɗi ne a banki ba. Gona ce, da gidan da mutum goma sha biyar ke kwana a ciki, da saniyar da ake tatsa. Ka ce a biya kaso a kansu, ka ce a sayar da su ke nan. A Ingila ana karɓar kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000, amma can akwai rajistar gidaje da ƙimarsu. Mu ma mun taɓa gwadawa. A 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar haraji a kan dukiyar da ta sauya hannu ta hanyar kyauta ko mutuwa. Ta yafe naira 100,000 na farko, daga nan kason yana hawa har ya kai kashi 60 a kan manyan dukiyoyi. Jihohi aka bar wa tarawa, ba su tara abin kirki ba, masu dukiyar da aka yi dokar dominsu sun san yadda za su zille, a 1996 aka soke ta.

Sai dai fargabar mutanenmu ta girmi 1979 nesa ba kusa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tsofaffi sun san wata kalma da yaran yanzu ba su sani ba, wato ushira, kashi ɗaya cikin goma da ake cirewa idan alƙali ya raba gado. Kafin ita ma, cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi akwai ƙwace dukiyar wanda ya mutu, akwai kuma gaisuwa, abin da ake kai wa mai mulki don a samu shiga. A kan gyara irin waɗannan abubuwa Modibbo Adama ya karɓo tuta, ya yi zama a Gurin da Ribadu kafin ya kafa Yola a 1841. Amma ɗabi'ar mulki tana da naci. Lokacin da Turawa suka ci ƙasar nan, suka shiga Yola a Satumban 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita suka ɗora Bobbo Ahmadu, Gwamna Lugga ya sa aka rubuta hanyoyin samun kuɗin masarautun Arewa. A cikin jerin, tare da zakka da kuɗin ƙasa da jangali, ga gado, ga gaisuwa, ga kuɗin sarauta, wato abin da mutum ke biya idan an naɗa shi.

Ba banza waɗannan biyun suka zauna a jeri ɗaya ba. Wanda ya sayi rawani da kuɗi, da bashi ya hau kujera, kuma dole ya fanshe. A ina zai fanshe? Mai rai yana gardama, yana gudu, yana kai ƙara. Mamaci ba ya magana, matarsa tana cikin takaba ba ta fita, 'ya'yansa ƙanana ne. Babu aljihun da ya kai na mamaci sauƙin shiga. Da aka kafa baitulmalin En'e aka yanka wa alƙalai da hakimai albashi, niyyar ita ce a raba su da wannan, kuɗin kotu ya shiga littafi da rasit. An samu sauƙi, amma wanda ya zauna da tsofaffin da suka ga zamanin En'e ya ji labarin yadda sa mafi ƙiba a garken mamaci yake ɓacewa tsakanin ƙirga da rabo.

Da Nijeriya ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoban 1963, alƙawarin da ke cikin kalmar shi ne kujera ta daina zama gadon wani gida ko hajar sayarwa, ta zama amanar da ake ba wanda ya iya. Shekarun farko sun zo da wata irin dama da ba za ta sake dawowa ba. Turawa na tafiya, Sardauna na son 'yan Arewa su cike guraben aikin gwamnatin Arewa, masu takarda kuwa ba su da yawa. A lokacin aiki ne ke neman mutum. Yaro na gama Midil ko Kwalejin Horon Malamai, kujera na jiransa. Ga misalin Muhammadu Ribadu, ɗan Adamawa. Ya koyar a Midil ta Yola, ya yi hakimcin Balala, ya riƙe baitulmalin En'e ta Adamawa, ya je Ikko ya zama ministan tsaro har rasuwarsa a 1965. Ba na cewa zamaninsu babu alfarma. Ɗan sarauta ya fi ɗan talaka kusa da ƙofa, kuma jam'iyyar NEPU ba ta yi ƙarya ba da ta yi ta faɗin haka. Amma mutum yana hawa ne daga aikin da aka ga ya yi zuwa wanda ya fi shi.

Abin da wancan zamani ya bar mana, ba da niyya ba, shi ne imanin cewa ƙarshen karatu shi ne aikin gwamnati. Iyayenmu sun ga malamin makaranta ya zama minista, suka sa mu boko da wannan hoto a zuciya. Yau Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Jiha ta Mubi da kwalejojin Yola da Hong suna yaye dubbai kowace shekara, kujeru kuwa ba su ƙaru daidai da haka ba. Masana'antun da za su ɗebi sauran ba su taka kara sun karya ba. Aka ƙirƙiri Gongola a 1976, aka raba ta Adamawa da Taraba a 1991, kowace ƙirƙira ta zo da sababbin kwamishinoni da manyan sakatarori da daraktoci, kowace kuma ta ƙara tabbatar mana cewa gwamnati wata dukiya ce da aka mutu aka bari, kowa ya zo ya karɓi kasonsa. Saurari yadda muke magana. “An ba mu minista.” “Yankinmu bai samu komai ba.” “Wannan karon rabonmu ne.” Harshen rabon gado ne muka ɗauka muka kai wa mulki, muka bar gadon gaskiya babu mai raba shi.

Tsarin mulki ya yi ƙoƙarin sa wa wannan rabo ƙa'ida. Sashe na 14 na kundin 1999 ya ce naɗe-naɗe su nuna fuskar ƙasa, kada wani yanki ko ƙabila ta mamaye, aka kuma kafa Hukumar Daidaiton Ɗaukar Ma'aikata tun 1996 don ta sa ido. A jiha irin Adamawa, inda Fulani da Bachama da Kilba da Chamba da Margi da Higgi da sauran ƙabilu masu yawa ke cin kasuwa ɗaya, ba na wasa da wannan ƙa'ida. Amma dubi abin da ya fito a 2023, lokacin da kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki. Wani tsohon ma'aikacin ita kanta hukumar daidaiton ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga masu neman aiki. Aka kuma ji yadda hukumomi ke neman izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da sun tallata guraben ba. Gurbin da ba a tallata ba, mai uwa a gindin murhu ne kaɗai ke jin labarinsa, ragowar kuma ya faɗa hannun dillalai. Kasuwar da ta cinye fulotin Baffa ke nan. Mai hanya na ƙarya ba zai samu abokin ciniki ba da a ce babu mai hanya na gaskiya. Hamma ya yarda ne saboda ya ga sa'o'insa da suka biya suka samu.

Ga kuma ɗaya layin, na muƙaman siyasa. Duk wanda ya ga Jimeta a watannin da ke bin rantsar da sabuwar gwamnati ya san yanayin. Otal-otal cike, ana buga takardun tarihin aiki, ana kamun ƙafa da matar wane da direban wane, ana kai rago gidan wanda ake jin ana jin maganarsa a gidan gwamnati na Dougirei. A watan Agustan 2023 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya naɗa mataimaka 47 a fannin yaɗa labarai kaɗai, kuma ba shi kaɗai ba ne, gwamnoni da dama na jam'iyyu daban-daban sun yi irin haka ko fiye. Na san hujjar da ake bayarwa: yaran sun yi wahala a kamfe, kuma ɗan albashin yana ciyar da gidaje. Amma kowane irin wannan naɗi darasi ne ga matasa dubu da ke kallo, cewa hanyar arziki ita ce ka samu ubangida ka yi ta yabonsa. Kuma shiga wannan layi ma ba kyauta ba ce. Fom na takara, hidimar wakilai, motar kamfe, duk kuɗi ne, kuma sau da yawa daga gidan gado suke fitowa. Na san gidaje a cikin Yola da aka sayar saboda kujerar kansila.

Wanda ya biya ya samu fa? Nan zancen ya dawo kan mamaci. Ka bi matar da mijinta ya rasu yana ma'aikaci, ka ga hanyar da take bi. Banki ya rufe asusu sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Kamfanin fansho ma ita yake jira. Takardar tana da kuɗinta na hukuma, wannan ba laifi, aiki ne ake yi. Amma kafin a kai gare ta akwai kuɗin buɗe fayil, akwai na nemo fayil ɗin da aka ce ya ɓace, akwai “na mai” ga waɗanda za su je ganin gona su ƙiyasta, akwai wanda zai ja ta gefe ya ce garatuti ba ya fita sai an san kason da za a bari. In gida za a sayar, dillali na da la'ada, masu sa hannu na da nasu, canja suna a takardar mallaka kuma wata tafiya ce, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna. Mace ta taso daga ƙauye ta biya kuɗin mota zuwa Jimeta sau goma, kowane zuwa a ce ta dawo mako mai zuwa. In ka tara abin da ya zube a hanya, sau da yawa ya wuce ushirar da kakanninmu suka yi kuka da ita, kuma ita ushira aƙalla an san adadinta. Akwai alƙalai da ma'aikata masu tsoron Allah, na ga waɗanda suka raba gado ba su sha ko ruwan gidan ba. Amma wanda ya sayar da gonar gidansu ya sayi kujera, da wuya ya zama ɗaya daga cikinsu. Gonar wani gidan zai fanshe da ita.

Maƙwabtanmu Kiristoci da masu bin al'ada ba su tsira ba. Su ma gwauruwa tana ganin dangin miji sun kwashe kaya kafin ƙasar kabari ta bushe, su ma suna bin layin ofis ɗaya da mu.

Ba mu ne jamhuriya ta farko da ta yi fama da waɗannan abubuwa biyu tana ƙarama ba. Amurka ta sa harajin tambari a kan takardun gado a 1797 don ta gina jiragen yaƙi lokacin da take zaman ɗar-ɗar da Faransa, jama'a suka ƙi shi, aka soke a 1802. Neman muƙami kuwa ya zame musu annoba. Daga zamanin Andrew Jackson, duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta kori ma'aikata ta zuba nata, masu neman aiki suna cika fadar shugaban ƙasa har kan matakala. Sai da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbi Shugaba James Garfield a Yulin 1881, ya mutu a Satumba, sannan aka yi dokar 1883 da ta ce a ɗauki ma'aikata ta hanyar jarrabawa. Da farko kusan kashi ɗaya cikin goma na guraben kawai ta shafa, a hankali aka faɗaɗa. Abin da na ɗauka a labarinsu shi ne ba wa'azi ne ya rage cinikin ba. An rage yawan kujerun da mutum ɗaya ke iya bayarwa da son ransa ne.

Kada a fahimce ni a karkace. Neman aiki ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya ce wa matashi mai digiri ya haƙura ya koma gona alhali nasa 'ya'yan suna Babban Banki, bai yi adalci ba. Malamai sukan kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura roƙon shugabanci, sukan kuma kawo Annabi Yusuf da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar. Ba su ci karo ba. Annabi Yusuf ya gabatar da amana da sani ne, a fili, a gaban mai naɗi. Abin da muke yi yanzu shi ne gabatar da kuɗi a ɓoye a hannun dillali. Kuma idan kuɗin na marayu ne, aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta riga ta faɗi abin da mutum yake zuba wa cikinsa. Ayar ba ta ware babban wa ba, ba ta ware baffa ba, ba ta ce sai in gwamnati ce ta ci ba. A ganina mun bar jaki muna dukan taiki. Malaman da suka yi huɗuba a kan sashen dokar haraji sun kyauta, amma ina jiran huɗubar da za ta kira jinkirin rabon gado da sunansa, ta ce wa babban ɗa riƙon da yake yi ba zumunci ba ne.

Jinkirin nan shi ne ƙofar da komai ke shigowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da an raba gadon Baffa bayan fitar takaba, matan biyu sun karɓi tumuninsu, kowace 'ya ta san iyakar kasonta, an damƙa na ƙanana ga wasiyyi da shaidu da rubutu, to da Hamma kasonsa kawai zai iya jefawa a rijiya. Zai yi asara, amma tasa ce shi kaɗai. Dukiyar da ba a raba ba ta kowa ce a baki, ta mai ƙarfi ce a aiki. Mukan ce muna gudun rabo ne don kada gida ya watse, alhali kotunan yanki cike suke da shari'un jikoki a kan gidan da kaka ya bari shekara talatin da suka wuce, shaidu sun mutu, iyakoki sun ɓace, zumunci ya riga ya tsinke. Kunyar da ke hana mu magana a kwana arba'in ita ce ke kai mu gaban alƙali a shekara ashirin.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalai su sa a liƙa, da Hausa da Fulatanci da Turanci, a ƙofar kowace kotun da ke raba gado, adadin abin da doka ta ce a biya, da gargaɗin cewa duk abin da ba shi da rasit ba na hukuma ba ne. A yanka wa'adin da fayil ɗin haƙƙin mamaci zai kwana a tebur ɗaya. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiha ta tallata kowane gurbi a rediyo, ta yi jarrabawa, ta liƙa sakamako da suna da maki da ƙaramar hukuma, yadda ɗan Yolde Kohi da bai samu ba zai ga wanda ya fi shi da idonsa. 'Yan majalisarmu na tarayya da suka tsaya a kan sashen gado su tsaya irin wannan tsayi a kan hana ɗaukar aiki a ɓoye, ko da hakan zai raba su da guraben da ake ba su su raba wa yaransu. Majalisar jiha kuma ta sa iyaka ga yawan mataimakan da gwamna, kowane gwamna, zai iya naɗawa. Masarauta ma tana da rawar takawa. Mai unguwa da jauro su ne farkon waɗanda ke sanin an yi rasuwa, kuma babu filin da ake sayarwa ba da saninsu ba. Lamiɗo ya umarce su kada su sa hannu a cinikin gona ko gidan mamaci sai sun ga takardar rabo.

Rabin gonar Baffa yana nan, har yau ba a raba ba. Hamma yana tuƙa Keke Napep a Jimeta, yana kawo abin da ya samu, bai taɓa iya haɗa ido da ƙanwarsa a kan maganar ba. Autan gidan ya bar makaranta a aji uku na sakandare saboda kuɗin jarrabawa. Na je na same su, na ce, “Goggo, ku bari a kira Modibbo a raba abin da ya rage.” Ta ce, “To, ɗana, ka faɗa wa yayansu, ni ba zan iya ba.” Na faɗa masa, ya amsa, mun sa rana bayan girbi.

Mai karatu, in akwai gadon da ke zaune a gidanku ba a raba ba, kada ka jira wani ya fara magana. Ka tara magada, ka kira malamin da ya san fara'il, a ƙirga, a rubuta, a sa shaidu, a ba mata da marayu nasu a hannu. In kuma wani ya zo maka da labarin mai hanya a Abuja, ka tambaye shi kuɗin wa za a kai.